Kofin kurket na yini ɗaya a Ingila, daga Gillette zuwa yau: wai ya mutu ne ko da sauran numfashi?

Sani_Leicester:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani abu da yake ta cina tun watan Agusta na ce bari dai in kawo shi nan. Maƙwabcina ɗan Pakistan ne, shi ya ja ni muka je filin Grace Road kallon Leicestershire a gasar kofin yini ɗaya, wadda yanzu ake kira Metro Bank. Wasa ya yi daɗi wlh amma kujeru da yawa babu kowa, kuma yawancin 'yan wasan yara ne sabbin jini, manyan duk sun tafi wata gasar. Mahaifin maƙwabcin nan nawa, dattijo ne da ya haura saba'in, yana zaune kusa da ni yana ta girgiza kai yana cewa a zamaninsu wasan ƙarshe na wannan kofin a filin Lord's na Landan shi ne babbar ranar kurket ta shekara, tikiti ma sai wane da wane. Ni dai a ganina masu hukumar kurket ɗin Ingila da hannunsu suka kashe gasar nan. Wanda ya san tarihinta ya warware mana don Allah, yaya aka faro kuma ina aka kuskure?

Bakatsine77:
Wa'alaikumussalam. Malam Sani kafin a yi nisa a taimaka wa irinmu, mene ne bambancin na yini ɗaya da sauran? Ni abin da na sani kurket kwana biyar ake yi ana abu ɗaya.

Injiniya_Auwal:
@Bakatsine77 wancan na kwana biyar shi ake kira Test, tsakanin ƙasashe. Na yini ɗaya kuwa ƙayyade jifa ake yi. Jifa shida shi ne oba ɗaya, to sai a ce kowace ƙungiya oba 50 za a jefa mata, wato jifa 300 ke nan, ta tara gudun da za ta iya, ɗayar ma ta shigo ta gwada wuce ta. Ko an fitar da masu bugunku goma kafin oba ta cika, ko oba ta cika, shi ke nan naku ya ƙare. Kafin magariba an san wanda ya ci.

Game da tambayar Malam Sani kuwa, abin ma daga garin da kake zaune ya samo tushe. A 1962 sakataren ƙungiyar Leicestershire, Mike Turner, ya haɗa wata 'yar ƙaramar gasa ta gwaji da ƙungiyoyi huɗu na tsakiyar Ingila, Leicestershire da Derbyshire da Nottinghamshire da Northamptonshire, oba 65 kowane ɓangare, Northamptonshire ta ɗauka. Dalili kuwa talauci ne ya ishi ƙungiyoyin gundumomi. Bayan yaƙin duniya na biyu mutane sun yi ta cika filaye, amma zuwa ƙarshen shekarun 1950 'yan kallo sun watse, ga telebijin ta shigo gidaje ga motoci, wa zai bar aikinsa ranar Talata ya je ya zauna kallon wasan kwana uku wanda sau da yawa ma canjaras ake tashi? Da aka ga gwajin ya karɓu sai a 1963 aka buɗe wa duka gundumomi 17, kamfanin reza na Gillette ya ɗauki nauyi da fam 6,500.

Maman_Ilham:
Fam dubu shida da ɗari biyar kacal? Ikon Allah. Yanzu ai wani ɗan wasan a sati ɗaya ya fi haka.

Injiniya_Auwal:
Haka ne Hajiya, amma a lokacin kuɗi ne masu kauri ga ƙungiyoyin da ko albashi da ƙyar suke biya. Wasan farko Lancashire da Leicestershire ne a Old Trafford ranar 1 ga Mayu 1963, kuma ruwan sama ya sa sai da aka kai washegari kafin a ƙare. Peter Marner na Lancashire ya yi gudu 121 a wasan. Wasan ƙarshe aka yi shi a Lord's a watan Satumba, Sussex ta yi 168, Worcestershire ta tsaya a 154, Sussex ta ci da tazarar 14.

ManU_har_abada:
Tsaya tsaya, Old Trafford fa ka ce? Filin Man United ake buga kurket?

Sani_Leicester:
A'a ɗan uwa, filaye biyu ne masu suna ɗaya a unguwa ɗaya, tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa tsakaninsu. Na kurket ɗin ma ya girmi na ƙwallo nesa ba kusa ba.

Dan_Fagge:
Ni fa ina jin Indiya ce ta ƙirƙiro wannan salon na yini ɗaya, ai su ne masu abin.

Ustaz_Bradford:
@Dan_Fagge ba haka ba ne. Indiya ta zo daga baya, kofin Deodhar nasu sai kakar 1973 zuwa 74 aka fara. Ostireliya da Afirka ta Kudu sun riga su, wajen 1969 zuwa 70. Gasar Ingila ta 1963 ita ce uwa a matakin manyan ƙungiyoyi. Wasan yini ɗaya tsakanin ƙasa da ƙasa ma ai sai 5 ga Janairu 1971 aka fara shi a Melbourne, shi ma don ruwa ya lalata wasan Test ne aka ce bari a ba 'yan kallo wani abu su gani, sai mutane suka yi dafifi. Daga nan aka samu ƙarfin gwiwar yin kofin duniya a 1975 a Ingila, da oba 60, daidai adadin da kofin Gillette yake amfani da shi a lokacin, domin tun 1964 aka rage daga 65 zuwa 60. Abin da Indiya ta yi shi ne ta ci kofin duniya a 1983 sannan ta mayar da wasan kasuwa, wannan kam ba mai ja.

Dan_Fagge:
Na gode Ustaz, na ƙaru.

Baba_Kakuri:
Yarana sannunku. Jikata ce ta nuna min wannan hira ta ce Baba ga abinka ana magana, shi ne na ce ta ba ni wayar. Ni an tura ni Manchester koyon aikin masaƙa a farkon shekarun 1970, lokacin masaƙun Kaduna na tashe, kuma a gidan da na sauka maigidan ba shi da zance sai Lancashire. Ban san komai a wasan ba da na je, shi ya zaunar da ni yana zana min fili a bayan ambulan. To ku sani a wancan lokacin Lancashire su ne sarakan wannan kofi, sun ɗauka 1970 da 1971 da 1972 a jere, suka ƙara a 1975. Kyaftin ɗinsu Jack Bond, ba wani shahararren mai bugu ba ne amma ya iya riƙe mutane, ya koya musu tsaron fili kamar ransu, suna zubewa ƙasa suna tare ƙwallo lokacin da sauran ƙungiyoyi suke ganin ɓata farin wando ne. Akwai Clive Lloyd mutumin Guyana, dogo mai tabarau yana tafiya a ɗan sunkuye, in ya daki ƙwallo sai ka ji ƙarar har cikin ƙirjinka. Akwai Farokh Engineer ɗan Indiya a bayan wiket, wato sandunan nan uku da ake jifa.

Wanda ba zan manta ba shi ne wasan kusa da na ƙarshe na 1971 da Gloucestershire a Old Trafford. Ruwa ya ɗan tsayar da wasa da rana, don haka aka ja har duhu ya fara shiga, kuma filin babu fitilu a lokacin. Muna falo a gaban telebijin, matar gidan ta ajiye abinci ya huce ba wanda ya taɓa. Kusan ƙarfe tara na dare David Hughes na Lancashire ya shigo, ana ganin fitilun tashar jirgin ƙasa da ke gefen filin sun kama, mutumin nan ya samu mai jifansu John Mortimore ya yi masa gudu 24 a oba ɗaya, huɗu biyu da shida biyu da bibbiyu guda biyu. Maigidana dattijo mai sanƙo ya miƙe yana tsalle yana rungume ni. Ni baƙo ne baƙar fata a gidansa amma daren nan kamar ɗansa. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, ya daɗe da mutuwa, har yau in na ji an ce Gillette shi nake tunawa kafin reza.

Maman_Ilham:
Allah sarki Baba. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wlh na ji labarin nan har raina.

Sani_Leicester:
Baba mun gode ƙwarai, Allah Ya saka. Kun ga abin da nake faɗa ke nan, gasar da take hana mutane cin abincin dare ita ce yau ake bugawa a gaban kujeru.

Injiniya_Auwal:
Ranka ya daɗe Baba, a 1972 ɗin Lloyd ya yi 126 a wasan ƙarshe da Warwickshire, ko kun samu zuwa Lord's?

Baba_Kakuri:
Ban samu ba ɗana, tikiti ya gagara, 'yan ƙungiya masu kati ake fara ba. A telebijin na gani shi ma. Amma na sha zuwa Old Trafford wasannin Lahadi.

Bakatsine77:
Wasannin Lahadi kuma? Wata gasar ce daban?

Ustaz_Bradford:
Eh daban ce, kuma nan ne mutane suke rikicewa. Da aka ga Gillette ta kawo kuɗi sai aka ƙaro biyu. A 1969 aka fara lig ɗin Lahadi na oba 40 wanda kamfanin taba John Player ya ɗauki nauyi, ana farawa da rana bayan an taso daga coci a gama da yamma, Lancashire ce ma ta ci na farko. A 1972 kuma aka kawo kofin Benson & Hedges mai oba 55, shi ma kamfanin taba. Wato shekara talatin Ingila tana da gasa uku na yini ɗaya a kaka guda, da farko 60 da 55 da 40. Amma mai daraja a cikinsu ita ce ta Gillette saboda sili-ɗaya-ƙwale ce, ka faɗi sau ɗaya ka koma gida, kuma ita ke rufe kaka a watan Satumba. Benson & Hedges ta mutu a 2002 da dokar hana tallan taba ta matso, gurbinta ne aka cike da Twenty20 mai oba 20 a 2003. To in ana neman ranar da ciwon ya fara kama kofin yini ɗaya ni daga nan zan fara lissafi.

Hauwa_Birmingham:
Ni ban yarda da Malam Sani ba cewa ta mutu, kuma zan faɗi dalili anjima. Amma tukuna a ba Warwickshire haƙƙinta tunda kowa Lancashire yake ta yabo. Wasan ƙarshe na 1993, lokacin sunan ya koma NatWest, Sussex ta yi 321, kowa ya ce an gama don ba a taɓa bin irin wannan adadi a wasan ƙarshe ba. Asif Din, haifaffen Kampala wanda iyalinsa suna cikin 'yan Asiya da Idi Amin ya kora a 1972, ya yi 104, kyaftin Dermot Reeve ya yi 81 ba a fitar da shi ba, suka ci a jifar ƙarshe. Mijina yana da shekara goma sha a lokacin, ya ce a unguwarsu ranar ba Bature ba ɗan Asiya kowa ya fito titi. Har yanzu in an saka bidiyon a YouTube sai ya zauna ya kalla kamar bai san ƙarshen ba.

ManU_har_abada:
Yaushe kuma ya koma NatWest? Sunayen nan sun yi yawa.

Injiniya_Auwal:
Gillette ta riƙe daga 1963 zuwa 1980. Bankin NatWest ya karɓa 1981 har 2000, kuma wasan ƙarshensu na farko Derbyshire da Northamptonshire kunnen doki aka yi, 235 kowa, aka ba Derbyshire don ta fi ƙarancin rasa masu bugu. A 1999 aka rage zuwa oba 50 don ya dace da na ƙasashe. Sai Cheltenham & Gloucester daga 2001 zuwa 2006, sai Friends Provident 2007 zuwa 2009. Daga nan aka narkar da ita da lig ɗin Lahadi aka yi shekara huɗu ana buga oba 40 kawai, 2010 zuwa 2013, alhali a wasannin ƙasa da ƙasa 50 ake bugawa, wannan shawara har yau ban gane hikimarta ba. A 2014 aka dawo 50 da sunan Royal London, Durham ta ci na farko. Metro Bank daga 2023.

Dan_Fagge:
Kamar dai kofin ƙalubalenmu na ƙwallo, yau Challenge Cup gobe Federation Cup jibi Aiteo. Duk wanda ya kawo kuɗi sai ya raɗa wa yaro sabon suna.

Bakatsine77:
Wlh kuwa. Amma da Pillars ta ɗauka a 2019 a Kaduna ba wanda ya damu da sunan, murna kawai aka yi.

Malam_Tukur_Zariya:
Ku dawo kan kurket jama'a. Ni abin da ya fi burge ni a tarihin nan shi ne ƙananan gundumomi. Tun 1964 aka fara barin waɗanda ba ƙwararru ba su shigo, malaman makaranta da manoma da ma'aikatan banki su kara da 'yan wasan ƙasa. Shekara tara ba su doke babbar gunduma ko ɗaya ba, sai a 1973 Durham, lokacin tana ƙaramar gunduma, ta je Harrogate ta doke Yorkshire da wiket biyar, wato masu bugu biyar kacal aka fitar mata. Yorkshire fa, wadda ta fi kowa yawan kofunan lig a tarihi. Durham ɗin nan ita ce ta zama babbar gunduma ta 18 a 1992, kuma kofinta na farko a 2007 wannan kofin ne. A 1991 ma Hertfordshire ta fitar da Derbyshire ba tare da an buga wasan ba, ruwa ya hana, aka ce kowane ɓangare ya fito da mutum biyar su jefi wiket babu mai bugu a gaba, kamar bugun fenareti, ƙwararrun suka samu sau ɗaya, 'yan sa-kai suka samu sau biyu. Har Ireland da Scotland da Holland an riƙa gayyata. To a 2006 aka mayar da gasar rukuni-rukuni aka sallami ƙananan gundumomin. A wurina ranar aka cire mata rai. Ku ɗauka a ce an hana ƙananan kulob shiga kofin FA, me ya rage?

Sani_Leicester:
Malam Tukur ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Dattijon nan ma abin da ya ce ke nan, da can in an haɗa ƙaramar gunduma da babba garin gaba ɗaya ake rufe shaguna a kafa tantuna a filin makaranta.

Abu_Yasir:
Ni kuma ina ganin kuna ɗora wa hukuma laifin da ba nata kaɗai ba. Mutane ne suka canza. Wa yake da awa takwas yanzu? Twenty20 awa uku an gama, bayan an tashi aiki, ka je da yara ka dawo. Hukuma ta bi inda kuɗi yake ne, kamar yadda a 1963 ɗin ma ta bi inda kuɗi yake. Ku tuna lokacin da aka kawo Gillette dattawan wancan zamanin cewa suka yi an lalata kurket, wasan 'yan gaggawa ne. Ted Dexter kyaftin ɗin Sussex da ya ci biyun farko, 1963 da 1964, zaginsa aka riƙa yi don yana tura masu tsaro bakin iyaka yana hana gudu maimakon neman fitar da mai bugu. Abin da Gillette ta yi wa wasan kwana uku shi Twenty20 ta yi mata.

Ustaz_Bradford:
@Abu_Yasir akwai gaskiya a maganarka amma ba duka ba. Twenty20 ta zo 2003 kuma kofin ya ci gaba da rayuwa da ita shekara goma sha. A 2017 Alex Hales ya yi 187 a wasan ƙarshe a Lord's ya ci wa Nottinghamshire kofi a kan Surrey, ɗan wasan ƙasa ne a ganiyarsa. Abin da ya karya gasar shi ne The Hundred, sabuwar gasa mai jifa 100, domin an ɗora su a wata ɗaya, Agusta. Duk wanda ya iya wasa an saye shi can, gundumomi su cike da yaran makarantar horo. Sannan aka ɗauke wasan ƙarshe daga Lord's aka kai Trent Bridge a Nottingham. Wannan ba mutane ne suka canza ba, zama aka yi a ofis aka tsara.

ManU_har_abada:
The Hundred ɗin ba 2019 aka fara ba?

Hauwa_Birmingham:
A'a, 2020 aka so farawa korona ta hana, sai 2021. 2019 ita ce shekarar ƙarshe da aka yi wasan ƙarshe na kofin yini ɗaya a Lord's, Somerset ta doke Hampshire. Kuma a shekarar ce Ingila ta ci kofin duniya na oba 50 a filin, 14 ga Yuli, da New Zealand. Ka ci kofin duniya a salon wasa sannan ka mayar da gasarsa ta gida saniyar ware, abin da ciwo.

To ga dalilina na cewa ba ta mutu ba. Malam Sani kai da kake Leicester ai kai ya kamata ka fi kowa sani. 2023 Leicestershire ta ci Hampshire da gudu 2 kacal a wasan ƙarshe, bayan an fitar musu da mutum huɗu tun ba su kai gudu 20 ba. Harry Swindells, yaron garin, wanda bai buga ko wasa ɗaya a gasar ta shekarar ba kafin ranar kuma kwantiraginsa na dab da ƙarewa har ya fara neman wani aikin, ya shigo ya yi 117 ba a fitar da shi ba. Da manyan suna nan da wa zai ba shi dama? Glamorgan ta ɗauka 2021 da 2024, Kent 2022. Ƙungiyoyin da da can sai dai su yi kallo. Kuma ana kai wasannin ƙananan filaye a garuruwan bakin teku lokacin hutun makaranta, tikiti da araha, na kai yarana sau biyu sun zauna a ciyawa dab da igiya har ɗan wasa ya sa musu hannu a hula. A Hundred ba za ka samu wannan ba.

Sani_Leicester:
Hajiya Hauwa ban musa ba, ranar da aka kawo kofin nan gari an yi murna sosai, maƙwabcina har kuka ya yi. Amma ki duba abin da ya faru da Ingila a kofin duniya na 2023 a Indiya, masu riƙe da kofi suka ƙare na bakwai, har Afghanistan ta doke su. Akwai 'yan wasan da ake saka wa rigar ƙasa a oba 50 alhali sun yi shekaru ba su buga oba 50 a gida ba. A ina za su koyi yadda ake gina wasa na awa uku da rabi?

Abu_Yasir:
To a 2015 fa da Bangladesh ta kore su tun a rukuni, Hundred ce ta jawo? Lokacin ba a ma yi mafarkinta ba.

Injiniya_Auwal:
Ba Hundred ba ce amma ka tuna abin da na faɗa a sama, daga 2010 zuwa 2013 oba 40 suke bugawa a gida. Kusan ciwo ɗaya ne.

Yar_Gombe:
Ina ta karatu shiru. Tambayata ita ce mu a Najeriya ana ma yin wasan nan kuwa? Ban taɓa gani ba.

Malam_Tukur_Zariya:
Ana yi 'yata, tun zamanin Turawa, tsofaffin makarantu irin Kwalejin Katsina wadda ta zama Barewa sun buga shi. Akwai hukumar kurket ta ƙasa, akwai fili a dandalin Tafawa Balewa a Legas. Yaranmu maza 'yan ƙasa da 19 sun je kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2020, na oba 50 ne ma. 'Yan matanmu kuma a Janairun 2025 a Malesiya suka doke New Zealand da gudu 2 a kofin duniya na 'yan ƙasa da 19, na Twenty20. Rashin yaɗawa ne kawai ya sa ba ki ji ba.

Yar_Gombe:
Kai masha Allah, New Zealand guda! Zan nemi bidiyon.

Baba_Kakuri:
Jikata ta karanto min sauran. Malam Abu Yasir ya yi gaskiya cewa dattawa sun ƙi abin da farko, maigidana ma ya ce mahaifinsa bai taɓa zuwa kallon na yini ɗaya ba har ya mutu. Amma akwai abu ɗaya da ba ku ambata ba, wato raɓa. Wasan ƙarshe a Satumba ake yi kuma da safe ake farawa, ƙarfe goma da rabi, fili da danshi, jar ƙwallo sabuwa tana lanƙwasa a iska. Duk kyaftin ɗin da ya ci jefa kwabo sai ya ce ku fara bugu, kafin rana ta ɗaga an zubar da mutum uku huɗu. Bayan na dawo gida ina bi a rediyon BBC, shekara da shekaru mai bugu na biyu ne yake ɗauka.

Injiniya_Auwal:
Daidai ne Baba, daga 1986 zuwa 1995 sau goma a jere wanda ya yi bugu na biyu ne ya ci. Lancashire ɗinku ce ta karya abin a 1996, ta yi 186 kawai sannan ta tattara Essex gaba ɗaya a 57, Glen Chapple ya fitar da shida da gudu 18. Wato ko a zamanin da ake yabo akwai masu ƙorafin cewa kwabo ne yake raba gardama.

Dan_Fagge:
Wane ne ya fi kowa gudu a wasa ɗaya a tarihin gasar?

Ustaz_Bradford:
A tsohon kofin Ali Brown ne na Surrey, 268 a kan Glamorgan a filin Oval a 2002. Surrey ta yi 438, kuma abin mamaki Glamorgan ta biyo har 429. Kafin shi Alvin Kallicharran ya yi 206 wa Warwickshire a kan Oxfordshire a 1984, kuma a wasan ya karɓi ƙwallo ya fitar da mutum shida. Ka kwatanta da 168 da Sussex ta ci kofi da shi a oba 65. Geoff Boycott ma da ake cewa ba ya sauri ya yi 146 a wasan ƙarshe na 1965, Yorkshire ta tara 317 a kan Surrey, a lokacin kamar almara.

Hauwa_Birmingham:
Kuma kar a manta Somerset 1979, shekara sama da ɗari ba su taɓa cin komai ba sai da Viv Richards ya yi 117 Joel Garner ya fitar da shida. 'Yan West Indies sun ba gasar nan rabin kwarjininta. Yanzu irinsu suna gasar IPL ta Indiya da sauran lig-lig na duniya, ba wanda zai zo ya zauna kaka guda a Taunton, gidan Somerset.

Abu_Yasir:
To kin dawo maganata ke nan Hajiya, kasuwar duniya ce ta canza, ko an mayar da wasan ƙarshe Lord's gobe Viv Richards ba zai dawo ba.

Malam_Tukur_Zariya:
Ba sai Viv ya dawo ba. A mayar da ita sili-ɗaya-ƙwale, a dawo da ƙananan gundumomi, a buga a watan Mayu ko Yuni lokacin da kowa yana nan. Wasa biyar ka ci kofi, ba zai cinye kalanda ba.

Ustaz_Bradford:
Mayu IPL tana ci Malam, manyan suna Indiya. Yuni kuma Blast, gasar Twenty20 ta gundumomi, da wasannin Test. Duk watan da ka ɗaga akwai mai shi.

Sani_Leicester:
Na nuna wa dattijon hirar nan ɗansa yana fassara masa abin da na fassara, ya ce a gaida Baba na Kakuri, shi ma yana gaban telebijin daren David Hughes, a Bradford yake lokacin yana aikin masaƙa, kuma Gloucestershire yake goyon baya saboda Mike Procter. Ya ce har yau yana ganin da an dakatar da wasan saboda duhu da su suka ci. Baba in kana da amsa zan kai masa ranar Juma'a bayan masallaci.

Baba_Kakuri:
Ka ce ina amsawa da kyau. Ka kuma ce masa duhun ai masu bugu ya fi cuta, kuma namu ne suke bugu. Procter kam gwani ne, ya yi sittin da wani abu ranar, na tuna gashinsa yana tashi in ya taho da gudu. Ka tambaye shi wace masaƙa ya yi aiki.